Sabuwar mota tana cikin garanti, sau uku ana taɓa giya bai gyaru ba: mene ne haƙƙina?

Baban Hanifa, Fadaman Mada

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masana doka da masana mota. Zan jero bayanin daki-daki don kada a sha wahalar tambaya.

Mota ce sabuwa dal, mai giya otomatik. Na karɓe ta ranar 10 ga Satumba a wajen dilan kamfanin da ke Kano, da bashin ƙungiyar adashen ma'aikata. Littafin garanti ya ce shekara 3 ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika. Yanzu tana kan kilomita 14,600.

Matsalar ita ce: idan aka yi tafiyar kamar minti arba'in zuwa awa ɗaya, musamman a hanyar Jos daga Nabordo zuwa hawan Panshanu, sai ta fara fizga, fitilar injin ta kama, ta maƙale a giya ɗaya, ko an taka totur sai ƙara ba gudu. Idan na tsaya na kashe ta minti goma, sai ta tashi lafiya kamar ba ita ba. A cikin gari ba ta taɓa yi ba.

Na kai musu ranar 14 ga Nuwamba, suka sa kwamfuta, suka ce sun daidaita ta. Ba su ba ni wata takarda ba. A Janairu na koma lokacin sabis ɗin kilomita 10,000, na sake faɗa, suka ce gurɓataccen fetur ne. A Maris ta kwana 19 a wajensu, aka dawo min da ita da takardar da ke cewa ba a ga matsala ba. Makon jiya ta sake yi gab da Tilden Fulani ina ƙoƙarin wuce tirela.

Yanzu manajan sabis ya ce ma garantina na rawa, wai don na yi juyen baƙin mai na kilomita 5,000 a nan Bauchi ba a wajensu ba.

Tambayoyina: ina da ikon cewa su canza min mota ko su ba ni kuɗina? Juyen man nan ya kashe garantin da gaske? Kuma akwai wani bakanike a Bauchi da ya ce in kawo ya sauke giyabos ɗin ya duba, in kai masa?

Injiniya Yelwa

Wa alaikumus salam. Baban Hanifa, in fara da ta ƙarshe domin ita ce mai gaggawa: kada ka bari kowa ya sa sifana a jikin giyabos ɗin nan. Notin da aka kwance yana nuna kansa, fentin alamar da masana'anta ke ɗigawa a kai yana karyewa, kuma ranar da suka ga haka ka ba su hujjar da wata bakwai suke nema ba su samu ba.

Abin da motarka ke yi ba aljanu ba ne. Kwamfutar giya ce ke ganin wani lissafi bai yi daidai ba, sai ta kulle motar a giya guda, galibi na uku, don ta kare giyabos daga lalacewa har ka lallaɓa gefen hanya. Kashewa da kunnawa na sake ta, amma dalilin yana nan. Kuma tunda sai an yi nisa ko an kama hawa take yi, ciwon na zafi ne. Man giya yakan yi aiki tsakanin digiri 80 zuwa 95. Hawa da kaya da na'urar sanyi a wannan zafin na Afrilu suna tura shi sama da haka, ya tsinke, ƙarfin matsinsa ya ragu, duk wani abu mai rauni a ciki ya bayyana. Su kuwa a gareji da safe suke tada ta, su zaga minti goma a cikin Kano, man bai ko yi ɗumi sosai ba, su rubuta ba a ga matsala ba. Ba ƙarya suka rubuta ba, gwajin ne bai kai inda ciwon yake ba.

Abin da suka kira daidaitawa a Nuwamba, mafi yawan lokuta goge lambar matsala ne kawai. Duk sanda fitilar injin ta kama, kwamfutar motar tana ajiye lamba, tare da hoton yanayin motar a daidai wannan daƙiƙar: gudun mota, juyawar injin, zafin ruwa, nauyin da injin ke ɗauke da shi. Idan aka danna gogewa, lambar da hoton duka sun tafi. An share shaidarka ke nan.

Saboda haka ka nemi ƙaramar na'urar karanta lamba, irin ELM327 da ake haɗawa da waya. Soket ɗinta mai baki 16 yana ƙarƙashin sitiyari. Karantawa ba ta canza komai a mota. Idan ta sake yi, ka tsaya inda babu haɗari, kada ka cire batir, ka ɗauki bidiyon dashbod da fitilar a kunne da lambar kilomita, sannan ka karanta lambar ka ɗauki hoton fuskar wayar. Maɓallin gogewa kada hannunka ya je kusa da shi. Akwai kuma wani layi a cikin bayanan da ke nuna kilomita nawa motar ta yi tun daga gogewar ƙarshe. Ka cire wannan adadi daga abin da ke kan dashbod, zai nuna maka a wace kilomita aka goge, ka gwada da ranar da motar ke hannunsu. Ƙananan na'urorin nan wasu ba sa shiga kwamfutar giya, iyakarsu P0700, wadda ma'anarta kawai ita ce giya ya kai ƙara. Idan haka ta fito, ka je wajen mai babbar na'ura a nan gari ya karanta ya buga maka a takarda, da sharaɗin ba gogewa, ba kwancewa.

Batun fetur kuwa, a yi musu adalci: injin da ke tsallake wuta yana fizga kamar giya, direba ba lalle ya bambance ba. Lambar ce ke raba gardama. Fetur mara kyau yakan kawo P0300 zuwa P0304 a injin mai silinda huɗu, ko P0171. Lambobin da suka fara da P07 dangin giya ne. P0715 da P0720 sensar gudu ce ta shiga da ta fita. P0741 kulocin cikin kwambata ne ke sulɓewa, kwambata kuwa shi ne abin da ke isar da juyawar injin zuwa giyabos a mota otomatik. Fetur ba ya shiga giyabos ta kowace ƙofa.

Abin da za ka nema a wajensu shi ne gwajin hanya tare da kai, injiniyansu na zaune da na'urarsu a haɗe tana naɗar bayanai, aƙalla awa ɗaya, na'urar sanyi a kunne, mutum uku ko huɗu a ciki. Hanyoyin Kano shimfiɗaɗɗu ne, babu irin hawan Panshanu, don haka sai an yi doguwar tafiya da nauyi kafin man ya kai zafin da ake so. A sa ido kan abu uku: zafin man giya, bambancin juyawar injin da ta sandar shiga giya, da sensocin gudu. Idan kwambata ya kulle, bambancin nan ya kamata ya sauko kusa da sifiri. Idan ya tsaya a 200 ko fiye, yana sulɓewa. Idan kuma sensa ta faɗi sifiri ta dawo cikin ƙiftawar ido alhali mota na gudu, waya ce ko soket.

Bincike na gaskiya daga mai araha yake farawa: yawan man giya, wanda a motocin yanzu da yawa babu sandar awo, sai an ɗaga mota an auna a wani ƙayyadadden zafi, sabunta manhajar kwamfutar giya idan masana'anta ta fitar da sabuwa, soket ɗin wayarin da ke shiga giyabos, matsanyacin man giya, wanda ƙurar hunturu da ƙaiƙayi ke toshe masa iska, sannan solinoyid (maɓallan lantarki masu buɗe wa man giya hanya), balbodi (akwatin hanyoyin man giya), kwambata. Ka ce su ɗiga man a farar takarda a gabanka. Idan ya yi baƙi yana ƙauri, faifan kuloci sun fara ci. Idan yana ƙyalƙyalin garin ƙarfe, abin ya yi nisa. Idan ya koma kamar madara mai ruwan hoda, ruwan lagireto ne ya gauraya da shi. Mota mai kilomita 14,600 bai kamata a ga ko ɗaya daga ciki ba.

Kuma don Allah ka dakatar da tafiyar Jos da ita. Motar da ke yanke ƙarfi ana tsakiyar wuce tirela ba batun kuɗi ba ce kuma.

Barista Jekadafari, Gombe

Injiniya ya gama da ƙarfe, bari in ɗauki takarda.

Alhaji, haƙƙi biyu gare ka, mutane na cakuɗa su. Na farko garantin da ke cikin littafin nan, alkawari ne da kamfani ya ɗauka da sharuɗɗan da shi ya rubuta. Na biyu wanda doka ta ba ka, ko da littafi ko babu. Dokar ita ce ta gasa da kare haƙƙin masu sayen kaya ta tarayya, ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019. Ita ta kafa hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, a madadin tsohuwar majalisar CPC. Manajan sabis littafinsa yake karanta maka, ba zai karanta maka wannan ba.

Sashe na 131 ya ce kana da haƙƙin kayan da suka dace da aikin da aka saba yi da irinsu, masu inganci, masu aiki daidai, marasa aibi, waɗanda za su jure na lokacin da hankali zai ɗauka. Motar da ba ta iya kai mutum Jos daga Bauchi, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba, ta faɗi wannan ma'auni.

Sashe na 132 shi ne mai haƙora, shi ne kuma mai agogo. Cikin wata uku da karɓar kaya, idan ba su cika ma'aunin 131 ba, kana iya mayar da su ba tare da an ci ka tara ba, kuɗin mayarwa da haɗarinsa a kan mai sayarwa, shi kuma dole ya gyara, ko ya canza, ko ya mayar da kuɗi. Ka karɓi mota 10 ga Satumba, wata ukunka ya cika 10 ga Disamba. Ka kai ta 14 ga Nuwamba. Wannan ranar ita ce ginshiƙin maganarka gaba ɗaya, ita ce kuma ba ka da takardarta. To kafin ka rubuta musu komai, ka nemo duk abin da ke nuna motar ta shiga garejinsu ranar: saƙon WhatsApp da kuka yi da mai karɓar motoci, tarihin kiran waya, takardar shiga ƙofa, rasit ɗin man da ka sha a Ningi ko Birnin Kudu, sanarwar cire kuɗi ta banki, hoton da ka ɗauka a can. Sannan ka nemi su buga maka cikakken tarihin motar da lambar shasi. Garejin dila yakan buɗe katin aiki ga kowace motar da ta shigo ko bai ba mai ita kwafi ba. Ka nema cikin ruwan sanyi, kamar mai son cika fayil ɗinsa, tun kafin su ji ƙamshin lauya.

In gaya maka gaskiya kan canji ko mayar da kuɗi: ba abu ne da ke zuwa kai tsaye ba. Waɗanda ke kallon bidiyoyin Amurka suna jin cewa idan an yi gyara sau uku ko huɗu bai yi ba, ko mota ta kwana 30 a gareji, dole a canza ta. Wannan dokokin jihohinsu ne, jihar Konetikat ta fara a 1982. Dokarmu ba ta yanka adadin gyara ko na kwanaki ba. Ta jera abu uku ne, kamfanoni kuma gyara suke zaɓa domin shi ne mai sauƙi a aljihunsu. Hujjarka ita ce: ka mayar cikin wa'adi, sun zaɓi gyara, sun gwada sau uku, aibin yana nan, to ba su sauke nauyin da sashen ya ɗora musu ba, saura biyun da suka rage. Hujja ce mai ƙarfi, amma sai an kafa ta da takardu. Abin da ya fi saurin samuwa a teburin sulhu shi ne sabon giyabos ɗungurungum da ƙarin wa'adin garanti a kansa. Ka yanke wa kanka tun yanzu ko za ka karɓi wannan idan aka miƙo.

Sashe biyu kuma da za su yi maka amfani. Na 145 ya ce idan aka yi zargin kaya na da aibi, nauyin kawo hujja yana kan wanda ya sayar. Ma'ana idan sun ce fetur ne, su nuna: ina samfurin da suka ɗiba daga tankinka, ina sakamakon gwajinsa? Na 130 kuma ya shafi aiki, gyara ma aiki ne: a yi shi a kan lokaci, a sanar da kai idan jinkiri ya zama dole, a yi shi da ingancin da ake tsammani, a dawo maka da kayanka ba su fi yadda ka kawo su lalacewa ba. Kwana 19 ba bayani ya shiga nan.

Juyen baƙin mai: ka buɗe littafin ka karanta lafazinsa da kanka. Wasu littattafan cewa suke garanti ba ya ɗaukar lalacewar da ta samo asali daga aikin da aka yi a waje. Idan haka ne, sai sun nuna alaƙa tsakanin man injin da ciwon giya, Injiniya kuma zai gaya maka tukunyarsu ma ba ɗaya ba ce. Wasu kuwa cewa suke duk sabis ɗin da aka yi a waje ya soke garanti baki ɗaya. Wannan ya fi tsauri, amma sashe na 127 ya hana sharuɗɗan da ba su da adalci, na 129 kuma ya hana sharaɗin da ke ƙwace wa mai saye haƙƙin da dokar ta ba shi. Sannan su da kansu sun karɓi motar a Janairu da Maris a ƙarƙashin garanti bayan juyen, ba su ce uffan ba. Ka ajiye rasit ɗin man da na filta, da lambar kaurin man da aka zuba. Na kilomita 15,000 da ke tafe kuwa, a wajensu za ka yi, kada ka ƙara musu abin riƙewa.

Sai wasiƙa. Shafi ɗaya ko biyu, zuwa ga manajan darakta na dilan, kwafi ga kamfanin da ke shigo da motar ko harhaɗa ta a Nijeriya, domin garantin nasa ne, shi ke amincewa a canza babban abu kamar giyabos. Ka sa lambar shasi, lambar mota, ranar saye, ranakun zuwa uku da kilomitar kowanne da abin da aka ce maka, lambar matsalar da ka karanta, da maganar Tilden Fulani a fili a matsayin haɗari ga rai. Ka faɗi abin da kake nema da lafazi guda: gwajin hanya tare, rahoto a rubuce, gyara na ƙarshe cikin kwana 14, motar aro ko kuɗin haya a tsawon lokacin, janwe daga Bauchi a kan kuɗinsu, idan kuma bai yiwu ba canji ko mayar da kuɗi. Kwana 14 ɗin kai ka yanka, ba doka ba, amma wa'adi ne da ba wanda zai ce ka matsa. Ba zagi, ba barazana. Ka kai kwafi biyu, a buga maka hatimi da kwanan wata a ɗaya ka riƙe. Idan sun ƙi karɓa, ka aika ta kamfanin kai saƙo mai ba da shaidar isarwa, ka kuma tura ta imel.

Wa'adi ya cika shiru, sai FCCPC. Ana shigar da koke ta shafinsu na intanet, ofishinsu na shiyyar arewa maso gabas ma a garinku Bauchi yake, ba sai ka je Abuja ba. Ba a biyan kuɗi. Sukan tura wa kamfanin koken ya amsa, su zaunar da ku, suna kuma da ikon bincike da ba da umarni. Sashe na 146 ya bar maka ƙofar kotu a buɗe, ba sharaɗi ba ne sai ka bi ta hukumar tukuna, amma shari'a a babbar kotu tana cin shekaru, motar kuma na tsufa.

Baban Hanifa, Fadaman Mada

Allah ya saka da alheri, Injiniya da Barista. Na duba waya, akwai saƙon da na tura wa mai karɓar motoci ranar 12 ga Nuwamba da hoton fitilar, ya amsa da cewa in kawo ranar 14. Hoton ya nuna kilomita 4,310. Littafin kuma lafazin farko ne, lalacewar da ta samo asali daga aikin waje. Abu ɗaya: rasit ɗin sayen motar da sunan ƙungiyar adashe yake, takardun rajista ne da sunana. Kuma ana cire min kuɗin bashi duk wata. In sa a dakatar har a gyara?

Sarkin Yaƙin Wunti

Ranka ya daɗe duk wannan dogon turanci ne. Ka ja motar ka ajiye musu a bakin ƙofa, ka kai ƙara wajen 'yan sanda a ɗauko manajan, ka sa bidiyon a Facebook da TikTok da sunansu ɓaro-ɓaro. Kafin la'asar za su kira ka. Mutanen nan kunya suke tsoro, ba wasiƙa ba.

Barista Jekadafari, Gombe

Sarkin Yaƙi, a mayar da takobi kube tukuna. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, wanda ya sa aka kama kuma yana iya juyowa ya yi ƙarar tauye masa haƙƙi, mai mota ya koma shi ake bi. Ajiye mota a ƙofa ba takardar karɓa, duk abin da ya same ta a wuyan mai ita yake, suna ma iya rubuta masa kuɗin ajiya. Bidiyo kuwa, faɗin abin da ya faru da ranakunsa daban, kiran mutane 'yan damfara daban. Na biyun ne ke jawo ƙarar ɓata suna, ko a nemi jingina maka dokar laifukan intanet ta 2015. A bar shi a aljihu, ranarsa ba ta zo ba.

Alhaji, saƙon 12 ga Nuwamba ya ɗaure maganar. Ya nuna aibin ya bayyana cikin wata uku, a kilomita 4,310, wato kafin ma a yi juyen 5,000 da suke fakewa da shi. Abin da ya zo daga baya ba ya haifar da abin da ya riga shi. Kada ka canza wayar nan, kada ka goge hirar, ka fitar da kwafinta ka ajiye a imel. Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 yana karɓar shaidar waya da kwamfuta, amma da takardar da ke bayyana na'urar da ta fito daga ciki, shi ya sa ainihin wayar ke da muhimmanci.

Sunan da ke kan rasit: ka sa shugaban ƙungiyar da sakatare su ba ka wasiƙa cewa dominka aka saya, kai ke biya, sun kuma wakilta ka ka bi haƙƙin. In da hali su sa hannu a wasiƙar koken tare da kai. Idan ƙungiyar ta sayi motoci da yawa a wajen dilan, sa hannunsu ya fi na lauya nauyi a idonsa.

Bashi kuwa kada ka dakatar. Yarjejeniyarka da ƙungiya daban, ba su suka ƙera giya ba. Ka daina biya, ka zama mai laifi a gefe guda alhali kana da gaskiya a ɗayan. Abin da za ka yi shi ne tara rasit: janwe, hayar mota, masauki a Kano, man zuwa da dawowa. Kotunanmu ba sa ba da irin wannan diyya da ƙiyasi, sai abin da aka lissafa ɗaya bayan ɗaya aka kawo shaidarsa. Tarar da ke sashe na 155 na dokar masu sayen kaya, wadda ga kamfani ba ta gaza naira miliyan 100 ko kashi 10 cikin ɗari na cinikinsa na shekarar baya ba, hukuncin laifi ne bayan kotu ta kama shi, ba aljihunka za ta shiga ba. Kada ka gina lissafi a kanta.

Malam Na Gwallaga

Allah ya ƙara wa Barista basira. In ɗan ƙara ta fuskar fiƙihu, don Alhaji ya san abin da yake nema ba kwaɗayi ba ne. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin zaɓin aibi: wanda ya sayi abu, ya tarar da tsohon aibi da ya riga ciniki, wanda ke rage ƙimar abin, bai kuma san da shi ba, yana da zaɓin ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Idan wani sabon aibi ya auku a hannunsa kafin ya gano tsohon, ko dai ya riƙe a biya shi bambancin ƙima tsakanin lafiyayye da mai aibi, ko ya mayar ya biya gwargwadon abin da ya auku a wajensa. Mai sayarwa kuma da ya san aibi ya ɓoye, hadisin da Muslim ya ruwaito ya ishe shi: wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu.

Wurin da nake so Alhaji ya lura shi ne, malamai sun ce abin da ke nuna yarda yana zubar da zaɓin. Mutum ya ga aibi, ya yi shiru ba uzuri, ya ci gaba da mora kamar ba komai, ana ɗaukarsa ya yarda. To shawarar Injiniya ta a rage hawa da ta Barista ta a rubuta wasiƙa, nan suka haɗu da fiƙihu. Duk sanda ka karɓo motar daga garejinsu, ka rubuta a takardar cewa ka karɓa ne don gwaji, ba ka sauke haƙƙinka ba.

Injiniya Yelwa

Malam ya taɓo wurin da ake yawan zamewa, wato ranar karɓo mota. Takardar da ake miƙo maka a ƙofa sau da yawa tana da layin da ke cewa an yi aiki kuma ka gamsu. Kada ka sa hannu a tsaye, makulli na hannun yaro yana jiranka. Ka zauna ka karanta, ka rubuta sharaɗinka da biro a saman sa hannun, ka ɗauki hotonta.

Ranar kaiwa kuma, ka tabbata an rubuta kokenka a katin aiki da kalmominka: tana fizga ta maƙale a giya ɗaya bayan tafiyar minti 40, fitilar injin na kamawa. Idan aka rubuta "a duba giya" kawai, an buɗe ƙofar "an duba, lafiya lau". A rubuta kilomita da yawan man tanki, ka ɗauki hoton dashbod. Da wannan za ka gane ko an yi gwajin hanya: motar da ta kwana 19 aka ce an gwada ta sosai, ka tarar kilomita 6 ta ƙaru, ka san iyakarta bakin titi. Ka duba takardar Maris ɗin nan, wataƙila amsar na ciki.

Ka tambayi lambar buƙatar garanti da suka tura wa uwar kamfani. Dila ba ya canza balbodi ko giyabos daga aljihunsa, sai ya tura lambar matsala da bayanan na'ura an amince masa. Idan babu wannan lambar, ba su taɓa kai maganarka sama ba, kuma goge lambar da suka yi a Nuwamba su ma ta hana su abin turawa.

Idan an yi aikin, katin ya nuna sunan kowane abin da aka canza da lambarsa, sabo ne ko gyararre, irin man da aka zuba da lita nawa. Ka ce a nuna maka tsohon da aka cire, ba za su ba ka ba domin na garanti mayarwa ake yi, amma hoto ba ya gagara. Idan kwambata ko giyabos aka canza, dole a wanke matsanyacin mai da bututunsa ko a sa sabo, in ba haka ba garin ƙarfen da ya maƙale a ciki zai koma cikin sabon ya cinye shi cikin 'yan watanni. A kuma sake koya wa kwamfutar giya da na'ura bayan an haɗa. Daga nan ka ɗauki mutum uku, ka kunna na'urar sanyi, ka hau Panshanu da tsakar rana, na'urarka a soket, ka karanta a Magama ka sake karantawa a Tilde.